Mamatsin Tafarnuwa: Baƙo a Gidan Turmi

 

 Ina miƙa gaisuwa ta musamman ga iyayenmu mata da ƙannenmu amare, waɗanda na san galibinsu a daidai wannan sa'a tukunya na bisa wuta, akwatin rediyo kuwa na jingine a bakin ƙofar madafa.

Musabbabin maganarmu ta yau wani ɗan ƙarfe ne wanda tsawonsa bai fi taƙi guda ba. Kwanakin baya na je ganin ɗakin 'yar ƙanwata, mako biyu da kai ta, bayan mun gaisa na sa albarka, sai ta shiga madafa ta fito da wani abu a hannu, ta durƙusa ta miƙo mini ta ce, "Kawu, don Allah wannan na mene ne? A cikin kwalin cokula na tsince shi. Ƙawayena sun yi ta musu a kai, wata ta ce na matse lemun tsami ne, wata ta ce na fasa gyaɗa ne." Na karɓa na jujjuya shi, na ce mata mamatsin tafarnuwa ne, ko abin matse tafarnuwa kamar yadda 'yan kasuwa ke ce masa. Ta rufe baki tana dariya ta ce, "Ikon Allah! Yanzu tafarnuwar ma sai da aka yi mata inji, Kawu? To turmi fa, laifin me ya yi?" Wannan tambaya tata, ko da yake cikin raha ta yi ta, ta fi ƙarfin amsar tsaye, domin na tabbata akwai irin wannan ƙarfe da dama kwance a durowar amare, an haɗo shi cikin kayan ɗaki don a cika lissafi, masu shi ba su san sunansa ba balle amfaninsa, waɗanda suka gwada shi kuwa da yawansu sun jefar bayan girki ɗaya, suna cewa yana sa miya ɗaci.

Ga wanda bai taɓa ganinsa ba, siffarsa kamar awartakin maƙera take: hannuwa biyu ne da ƙusa ta haɗa kawunansu, a jikin ɗaya akwai ɗan kurtu wanda aka hudahuda gindinsa kamar rariya, a jikin ɗayan kuwa akwai dunƙulen ƙarfe da aka yi daidai bakin kurtun, ta yadda idan aka jefa ƙwayar tafarnuwa ciki aka damƙe hannuwan, ba ta da mafita sai ta waɗannan hudoji, sai ta fito lilis ruwanta na ɗiga. Turmi ne da taɓarya aka ƙanƙanta, aka huda gindin turmin, aka mai da daka ta koma matsa. Masu bin tarihin kayan girki suna jingina ƙirƙirarsa ga wani mutumin ƙasar Suwizalan mai suna Karl Zysset, wanda asalin sana'arsa gyaran keke ce a wani ƙaramin gari da ake kira Lyss a yankin Bern. A ƙarshen shekarun 1940 ya fitar da shi, a 1951 kuma ya kafa kamfanin Zyliss, sunan da ya harhaɗa daga nasa da na garinsu. Duk wanda ya taɓa riƙe birkin keke, in ya damƙi wannan ƙarfe, tafin hannunsa zai shaida masa cewa maƙerin ɗan gidan kekuna ne.

Amma kafin mu je kasuwa, wajibi ne mu san halin wadda za a matsa, domin wanda bai san halin tafarnuwa ba, ko mamatsin zinariya aka ba shi zai ɓata miya. Kowa ya lura cewa dunƙulen tafarnuwa, muddin yana ajiye a kwando ba a taɓa shi ba, kusan ba shi da wari, amma da zarar an ƙwarzane ƙwaya ɗaya da farce sai ɗaki ya ɗauka. Hikimar Ubangiji a nan ita ce, ƙwayar cike take da ƙananan ɗakuna waɗanda ido ba ya gani sai da madubin likita, a kowane ɗaki kuma an ajiye abubuwa biyu an raba su da shamaki. Na farko wani sinadari ne mai ɗauke da farar wuta, wato kibritu, masana na kiransa aliyin. Na biyu kuwa shi ne mai tayar da shi, suna ce masa aliyines. Matuƙar shamakin nan na tsaye, kowa na barci a wurinsa, kamar tsinken ashana da jikin kwalinta, suna aljihu ɗaya amma ba gobara. Da wuƙa ko taɓarya ko haƙori ya keta shamakin suka gauraya, cikin daƙiƙoƙi kaɗan sai su haifi abu na uku mai suna alisin, shi ne mai warin nan da yajin nan da ke cizon harshe, asalinsa kuwa makami ne da Allah Ya hore wa tsiron don ya kare kansa daga ƙwari da ruɓa a cikin ƙasa. Wani masanin haɗa magunguna Ba'amurke, Chester Cavallito, tare da abokin aikinsa John Bailey, su suka fara ware alisin a 1944, bayan 'yan shekaru kuma Arthur Stoll da Ewald Seebeck suka gano iyayensa biyu a birnin Basel na ƙasar Suwizalan. Abin sha'awa, ƙasa ɗaya ce kuma zamani ɗaya: masana na Basel suna tonon sirrin ƙwayar, mai gyaran keke na Lyss yana ƙera abin fasa ta.

Daga nan ne ƙa'idar da dukan maganarmu ta ginu a kanta ta fito, ina roƙon uwargida ta riƙe ta ko da ta manta sauran: gwargwadon raunin da aka yi wa tafarnuwa, gwargwadon ƙarfin da za ta nuna. Ƙwayar da aka jefa sukutum cikin farfesu ta dahu, za ta fito da laushi har da ɗan zaƙi, domin zafi ya kashe mai tayarwar tun bai sadu da abokinsa ba. Wadda aka yanka fale-fale, ɗakunan da wuƙa ta ratsa kaɗai suka fashe, ƙarfinta matsakaici ne. Wadda kuwa aka tura ta cikin hudojin mamatsi, ko aka goge ta a magogi, kusan babu ɗakin da ya tsira, saboda haka tana can ƙarshen sahu wajen zafi da wari. Ashe ke nan mamatsi ba sauƙin aiki kaɗai yake kawowa ba, wata tafarnuwa ce daban yake miƙa miki, wadda ba za a auna ta da ma'aunin yankakkiya ba.

A kan wannan ne ma masanan girki na Turai suka yi saɓani mai tsanani, har ya zama kamar mazhabobi biyu. Elizabeth David, marubuciyar girki ta Ingila wadda ta rasu a 1992, ta rubuta maƙala sukutum tana kushe wannan ƙarfe, hujjarta ita ce yana fitar da ruwan tafarnuwa mai kaifi wanda ke danne ɗanɗanon abinci, ita kuwa ta fi son a danne ƙwayar da faɗin wuƙa a murje ta da ɗan gishiri. Anthony Bourdain, sanannen kuku na Amurka, shi ma ya yi masa kaca-kaca a littafin da ya fitar a shekarar 2000. Su ma mutanen kudancin Turai da na ƙasar Sham, waɗanda suka fi kowa sanin tafarnuwa a can, ba su yar da turmi ba: miyar ayoli ta kudancin Faransa, da festo ta birnin Jenowa a Italiya, da farin kwaɓin tafarnuwar nan na mutanen Labanan da ake shafawa a shawarma, duk asalinsu a turmi ake kirɓa su. To amma a ɗaya ɓangaren akwai gidaje marasa adadi da ke amfani da mamatsi kullum, abincinsu kuma lafiya lau. Abin da na rinjayar a wannan mas'ala shi ne, masu suka sun faɗi gaskiya game da kaifin, amma sun ɗora wa ƙarfe laifin mai girki, domin ɗacin da ake kuka da shi galibi daga abubuwa uku yake zuwa: an zuba da yawa, ko an bar ta ta ƙone, ko kuwa tsohon saura ne ya kwana a cikin hudoji ya shiga sabon girki.

To, mu je kasuwa. Wanda ya shiga rumfunan kayan kicin, a Sabon Gari ta Kano ne ko a wata babbar kasuwa, zai tarar da su jere suna ta ƙyalli, ga ido duk ɗaya, alhali kuwa abin da aka ƙera su da shi ya bambanta nesa ba kusa ba. Akwai na roba zalla, wannan kada ma a tsaya ciniki, domin roba lanƙwasawa take yi kafin tafarnuwa ta ba da kai, kuma tana riƙe wari. Akwai na alminiyam, irin ƙarfen tukwanen nan da muke kira na dalma, ba shi da nauyi, idan ƙirar kirki ce yana shekaru yana aiki, illarsa dai yana dusashewa ya yi baƙi in ya jima cikin ruwa. Akwai na tutiya wanda aka yi wa rufin ƙyalli a sama, yana da nauyi a hannu har mutum ya zaci ƙarko ne, nagarinsa na da kyau, amma na banzansa rufin ke fara ɓamɓarewa, daga nan sai karaya. Mafifici a ganina shi ne na farin ƙarfen nan da ba ya tsatsa, wanda cikinsa da wajensa launi ɗaya ne, ba rufin da zai ɓare ya faɗa cikin abinci. A jikin wasu za a ga an buga lamba 18/10, ma'anarta kashi 18 cikin 100 na ƙarfen kuromiyam ne, kashi 10 kuma nikel, waɗanda su ke hana shi tsatsa.

Ni kaina na taɓa sayen wannan darasi da kuɗina. Na tsaya a wata rumfa, mai kaya ya ɗauko mini wani mai walƙiya kamar azurfa ya ce, "Alhaji, wannan ɗan waje ne, har jikoki sai sun gada." Da na ji kuɗinsa bai kai rabin na kusa da shi ba, sai na biya ina ganin na yi wayo. Da na kai gida mai ɗakina ta jefa ƙwaya uku da ɓawonsu, ta damƙa da hannu ɗaya abin ya ƙi, ta haɗa hannu biyu ta ƙara ƙarfi, sai muka ji ƙas, hannu ɗaya ya rabu daga wuya, ga cikin ƙarfen nan toka-toka mai burtsi-burtsi kamar busasshen ƙulli-ƙulli, tafarnuwar kuwa tana zaune a kurtu ko gezau. Ta ajiye guntayen a gabana ta ce, "Malam, araha dai ba ta ado," ta juya ta ɗauko ɗan turminta na daka kayan miya. Ban ce uffan ba, don ba ni da ta cewa.

Saboda haka kada mai saye ya yarda da kwali, a fito masa da ƙarfen ya riƙe. Ya buɗe ya rufe sau da dama, ya karkaɗa hannuwan hagu da dama. Idan ƙusar mahaɗin na lilo tun yana sabo, to Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta. Ya duba ko dunƙulen ƙarfen na shiga kurtun cif-cif, domin in akwai rata a gefe, ta nan tafarnuwa za ta riƙa tsartuwa sama maimakon ta bi hudoji. Ya ɗaga kurtun ya kalli haske ta cikinsa, ya shafa da yatsa ko akwai kaifi ko ɓurɓushin ƙarfe da ba a goge ba. Ya lura da tsawon hannuwa, gama dogon hannu da kurtun da ke kusa da ƙusa su ke rage wa mai matsa wahala, kamar yadda doguwar ƙota ke sauƙaƙa wa mai ɓamɓarar dutse, wannan kuwa babban abu ne ga dattijuwar da ciwon gaɓɓai ya taɓa wa yatsu. Abin da na fi so a duba, wanda kuma aka fi mantawa, shi ne yadda za a wanke shi: wasu kurtunsu na juyawa waje ko ya cire gaba ɗaya, wasu suna da 'yan haƙora a baya waɗanda ke shiga hudojin su turo saura in an juya hannun, irin waɗannan ko sun fi tsada su ne sayen nagari mai da kuɗi gida. In da hali ma a tafi da ƙwaya ɗaya a ƙulle a bakin gyale, a nemi iznin mai kaya a gwada a gabansa; wanda ya amince da hajarsa ba zai hana ba. Akwai kuma wani iri dabam, ƙarfe ne guda lanƙwasasshe mai hudoji a tsakiya, ba ƙusa ba mahaɗi, ana ɗora shi kan ƙwayar a bisa katako a riƙa danna shi gaba da baya. Ba abin da zai karye a jikinsa kuma wankinsa ba wuya, sai dai dole a ɓare tafarnuwar tukuna.

Akwai wani abu da maƙeran Turai ba su yi lissafi da shi ba, wato irin tafarnuwarmu. Kurtun nan an auna shi ne da manyan ƙwayoyi, irin farar nan mai ɓawo sumul da ake shigo da ita daga ƙasar Sin, wadda ita kaɗai ke noma fiye da kashi 70 cikin 100 na tafarnuwar duniya, cibiyar cinikinta kuwa gundumar Jinxiang ce a lardin Shandong. Tamu 'yar gida, wadda ake nomawa da rani a fadamun Sakkwato wajen Wurno da Goronyo, da ƙasar Kano, da lambunan duwatsun Azbin a jihar Agadas, ana shuka ta da shigowar hunturu a cire ta in zafi ya fara, ƙwayoyinta ƙanana ne, ɓawonta manne da jiki, amma ta fi waccan yaji da ƙamshi. Duk macen da ta taɓa zama ɓare dunƙule biyu na 'yar gida da farce ta san haƙurin da ake sha. A nan mamatsi nagari ke biyan kuɗinsa, domin ana iya yanke ɗan gindin nan mai tauri, a jefa ƙwaya uku ko huɗu da ɓawonsu, a matsa, naman ya fito ɓawon ya tsaya a ciki. Sai dai in faɗi gaskiya, akwai hasara kaɗan, don wani abu na maƙalewa tare da ɓawon. Wadda ba ta son hasarar sai ta jiƙa ƙwayoyin a ruwa na ɗan lokaci, ɓawon zai saɓule da kansa. A cire ɓawon da ya rage bayan kowace matsa, kada a ɗora sabuwa a kan tsohuwa, kuma kada a cika kurtun maƙil, nan ne ake karya ƙarfe. Ƙwayar da ta tsufa har ta fito da koren tsiro a tsakiya, a tsaga ta a zare tsiron.

Yanzu ga tukunya, inda ake yawan yin ɓarnar. Matsattsiyar tafarnuwa ƙanana ce ƙwarai kuma jiƙaƙƙiya, ga ta da zaƙin da ke kama wuta da sauri, saboda haka idan aka matsa ta kai tsaye cikin man gyaɗa ko man shanun da ya yi zafi har yana hayaƙi, kafin uwargida ta ajiye ƙarfen ta ɗauki ludayi ta riga ta yi ja ta koma baƙi, ɗacin nan kuwa ba daddawa ba dunƙule da zai rufe shi, sai dai a zubar da man a sake. Hanyar da ta dace ita ce a fara da albasa a bar ta ta yi laushi, a rage wuta, sannan a zuba tafarnuwar a juya kamar rabin minti, da ƙamshi ya tashi sai a bi ta da jajjage ko markaɗen tumatir wanda aka riga aka ajiye kusa da hannu, ruwansa ya kwantar da zafin man. Wajen adadi kuma, inda aka saba yanka ƙwaya huɗu a fara da matsa biyu, a ɗanɗana, ƙari ba ya wuya, ragi ne ba ya yiwuwa. Mai son cikakken ƙarfinta sai ta matse ta a ɗan kwano ta bar ta kamar minti 10 kafin ta hau wuta, don sinadaran nan biyu su gama aikinsu kafin zafi ya tsai da su. Mai son ta lafa kuwa, kamar a kwaɗon zogale ko na latas inda ɗanya za a ci, sai ta matse ta kai tsaye cikin ruwan lemun tsami, domin tsami na daƙile mai tayarwar nan. In wani lokaci aka ga ta rikiɗa ta yi kore ko shuɗi-shuɗi a cikin tsamin, kada a tsorata, ba guba ba ce. Inda mamatsi ya fi kowa iya aiki shi ne wajen cuɗa kifi ko kaza da kayan ƙamshi kafin suya ko gashi, gama ruwan na ratsa tsagar nama, ba kuma wanda zai ci karo da gutsure a baki.

Amma fa baƙo ba ya zama maigida. Ranar suna ko biki, da za a sarrafa tafarnuwa mudu guda, mai mamatsi sai ta kai la'asar tana fama. Wannan aikin turmi ne ko injin markaɗe. Yajin tafarnuwa da yajin jego su ma sai turmi, inda busasshen barkono da citta da kanumfari da masoro ke shanye danshinta a cikin daka har su zama gari ɗaya. Kada kuma a gwada matsa busasshiyar citta ko kimba da shi, ɗanyar citta ma zarenta na toshe hudoji, ƙaramin ƙarfe kuwa tana iya karya shi. Aikinsa ƙwaya biyu zuwa biyar ne, a girkin gida na mutum kaɗan, lokacin da fito da turmi da wanke shi ya fi dakan kansa wahala, ko da asuba ta azumi da ba a son ƙarar taɓarya ta tashi maƙwabta.

Wanki kuwa, an ce tsabta cikon addini ce, a nan har cikon ɗanɗano ce. Ruwan tafarnuwa na da danƙo, in ya bushe yana kamawa kamar ƙaro, saboda haka da an gama matsa, tun miya ba ta tafasa ba, a jefa ƙarfen cikin ruwa a cuɗe shi da sabulu, a bi hudojin da tsohon buroshin haƙori da aka keɓe don haka ko da tsinken tsintsiya, a ɗauraye a shanya shi a buɗe. Na alminiyam kada ya kwana a ruwa, kada kuma a goge shi da kanwa ko toka, suna cin jikinsa su baƙanta shi.

Akwai wani gargaɗi da ba zan tsallake ba, domin ya shafi rai. Sauƙin matsa kan jawo wa wasu sha'awar su matse da yawa su zuba a kwalba, su rufe da mai, su ajiye a kan kanta ana ɗiba mako da mako. Wannan haɗari ne babba. Tafarnuwa a ƙasa take girma, a cikin ƙasa kuwa akwai wata ƙwayar cuta wadda ba ta bunƙasa sai inda babu iska, babu tsami, kuma akwai ɗumi, kwalbar man nan kuwa ta cika sharuɗɗan uku. Dafin da take fitarwa, wanda likitoci ke kiran ciwonsa botulizim, yana shanye jijiyoyi: gani ya rabu biyu, fatar ido ta sauka, haɗiya ta gagara, daga ƙarshe numfashi ya tsaya, kuma sau da yawa ba ya canza wari ko ɗanɗanon abin da yake ciki balle a ankara. A 1985 mutum 36 suka kamu da shi a birnin Vancouver na ƙasar Kanada, sanadin yankakkiyar tafarnuwa da aka ajiye cikin man waken suya ba a sanyaya ba, bayan aukuwar irin haka kuma a jihar New York a 1989 hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta wajabta wa kamfanoni sa sinadarin tsami a irin wannan haɗi. Ko a firji bai kamata haɗin gida ya wuce kwana 4 ba, mu kuwa da wutar lantarki ke zuwa ta tafi yadda ta ga dama, firjinmu ba abin dogaro ba ne a wannan babi. A matse ta yau a ci ta yau. Dunƙulen kuma a ajiye shi a kwando inda iska ke ratsawa, ba a ƙulle cikin leda ba. Haka nan masu ɗaura dakakkiyar tafarnuwa a fatar yaro da sunan magani su bari, tana ƙona fata ta tashi bororo kamar wuta. Wanda kuma likita ya ɗora a kan maganin tsinka jini, ko ake shirin yi masa tiyata, ya shaida wa likitansa in yana yawan cin ɗanya.

Saura haƙƙin jama'a, wanda shari'a ta riga kimiyya magana a kansa. Tafarnuwa halal ce ba saɓani. Ya tabbata a Sahihu Muslim cewa Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallama, lokacin da ya sauka a gidan Abu Ayyub al-Ansari, ya mai da wani abinci bai ci ba saboda akwai ta a ciki, da aka tambaye shi kuma ya bayyana cewa ba haramun ba ce, warinta ne ba ya so. A shekarar Haibara ya hana wanda ya ci ta kusantar masallaci, Sayyidina Umar kuma, Allah Ya ƙara masa yarda, ya yi wa mutane nasiha a huɗuba cewa mai son cin ta ko albasa ya kashe warinsu da dahuwa. Ibn Abi Zaid al-Ƙairawani ya kawo wannan ladabi a Risala, littafin da kowane almajirin fiƙihu a ƙasar nan ya sani, ya kuma ƙayyade shi da ɗanya. Illar hukuncin ita ce cutar da masallata da mala'iku, ita kuwa matsattsiya ɗanya, bisa ƙa'idar da muka faɗa tun farko, ta fi kowace iri wari. Asuwaki kaɗai ba ya raba mutum da shi, domin wani sashe na sinadarin na shiga jini ya riƙa fita ta huhu da gumi har tsawon sa'o'i, wani lokaci har wayewar gari, ko da yake masu bincike a Jami'ar Jihar Ohio ta Amurka sun nuna cewa madara, da ɗanyen tuffa, da ganyen na'ana'a, da latas suna rage shi in an haɗa su da cin.

Don haka, uwargida da amarya, in za ki matsa ɗanya a kwaɗo ko a wani abin da ba zai hau wuta ba, ki dubi lokaci: kada ki ajiye wa maigida shi da hantsin Juma'a, ko dab da magariba yana shirin shiga sahu, ki bar shi sai an sallame isha'i.